Kuɗi a Hannu ko Buhu a Ƙofa: Wanne Ke Tayar da Manomi Bayan Ambaliya?

Madatsar ruwan Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, ta ɓalle cikin daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024. Kafin rana ta yi tsaka ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin, ya kai fadar Shehun Borno, ya cika Monday Market da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya yi awon gaba da namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi. Rabon Yerwa, wato Maiduguri, da ruwa irin wannan tun 1994. Mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu. Wannan duka duniya ta gani a talabijin da wayoyin hannu. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne inda ruwan ya je ya kwanta, wato fadamar Jere, kwarin da Ngadda ke juye ruwansa a ciki, inda shinkafar Zabarmari da ƙauyukan da ke kewaye da ita ta rage 'yan makonni a sa mata lauje. A can ma an yi asara, asarar da ba ta da bango ko rufin kwano da za a ɗauka hoto.

Taimako ya zo, kuma gaskiya ya zo da yawa. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya iso tun ranar farko, Shugaba Tinubu ya biyo baya ranar 16 ga watan. Gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha naira biliyan 3 domin ambaliyar waccan shekara. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya ba da naira biliyan 1.5, Alhaji Abdussamad Rabi'u ya ba da gudummawar biliyan 2, jihohi da bankuna da talakawa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa kwamitin rabo a ƙarƙashin Injiniya Baba Bukar Gujibawu, kuma a rahoton da kwamitin ya miƙa a ƙarshen shekarar ya ce ya raba tsabar kuɗi fiye da naira biliyan 18 ga magidanta sama da 100,000, ya kuma ba 'yan kasuwa fiye da 7,000 abin da ya kusa biliyan 1.

Tun daga lokacin ake ta muhawara a majalisu da ofisoshi kan hanyar da ta fi dacewa a bi da manomi da makiyayi idan bala'i ya auka musu. Wasu na ganin a tura wa mutum kuɗi ya san yadda zai yi da su. Wasu na ganin kuɗi cinye su ake yi, gara a kai masa iri da taki da injin ban-ruwa da awaki har ƙofar gida. Gwamnatocinmu sun gwada duka biyun, kuma kowace hanya ta bar mana abin da za mu auna ta da shi.

Mu fara da kuɗi, mu kuma ɗauki mai noman shinkafa a Jere kamar yadda yake a zahiri. Da yawansu gonar ba tasu ba ce, haya suka kama, musamman waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da Marte ko Bama ko Dikwa suka zo suka raɓe a gefen Maiduguri. Kafin shinkafa ta fito mutum ya biya kuɗin haya, ya biya mai tarakta, ya biya 'yan ƙwadago na dashe da cirar ciyawa. Maganin feshi da taki kuwa bashi ya karɓo wajen dila a kasuwa, da alkawarin buhu kaza na shanshera idan an yi girbi. Ruwa ya tafi da shinkafar, ya bar masa bashin. Ranar da ya koma wajen dilan nan neman kayan noman rani, amsar da zai ji sananniya ce: "Malam, a kawo na baya tukuna." Wannan mutum abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ya rage bashi domin a sake yarda da shi, ya biya hayar filin rani kafin wani ya riga shi, ya sayi man da zai zuba a inji, ya kai yaron da zazzaɓi ya kama asibiti. Buhun taki ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai fa in an kai shi kasuwa an karyar. Shi ya sa bayan kowane rabo ake ganin kayan tallafi a rumfunan kasuwa, har da tambarin hukuma a jikin buhu. Masu ofis sukan kira wannan rashin godiya. Ni kuwa ina ganin mutum ne ke mayar da abin da aka ba shi zuwa abin da yake bukata, kuma yana tafka asara a tsakani, domin mai saye ya san a matse yake.

Kuɗi suna da sauri kuma. Babu jiran a ba da kwangila, babu hayar tirela da sito da masu dako. Idan sunan mutum da lambar asusunsa suna hannu, yau a tura yau ya ji alat. Suna barin sawu, domin kowace naira da ta bi ta banki ana iya bin diddiginta, abin da ba a iya yi wa buhun da aka sauke a wani lungu da daddare. Sannan kuɗin a kasuwar garin suke zagayawa, mai shagon da ruwa ya cinye wa kaya shi ma ya samu ciniki. Akwai kuma mutunci a ciki. Dattijon da ya shekara arba'in yana ciyar da gida da guminsa, a tsayar da shi a layi cikin rana tun hantsi har la'asar yana riƙe da ɗan kati, ana tura shi ana daka masa tsawa saboda mudu goma na iri, an rage masa wani abu da ba a rubutawa a rahoto.

Amma kuɗi na da nasu ciwon. A watan da aka yi ambaliyar hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, ta kayan abinci ma ta fi haka, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Kuɗin da aka ƙiyasta yau, in suka yi wata biyu a hanya, ba za su sayi abin da aka yi niyya ba. Gidan da babu ko ƙwayar hatsi kuwa, duk abin da ya shigo cikin tukunya zai faɗa, kuma babu mai ganin laifin uban da ya ciyar da 'ya'yansa da kuɗin iri. Ga matsalar asusun banki: mutumin ƙauye da ba shi da BVN sai ya ari asusun ɗan'uwa ko na mai POS, kowane hannu da kuɗin suka bi ta cikinsa sai ya tsakuri nasa. Mata masu ɗan lambun yakuwa da kuɓewa, ko masu awaki uku a bayan ɗaki, sau da yawa sunan maigida ne ke shiga takarda, nasu ya ɓace.

Babban abin da ya fi damuna game da rabon 2024 shi ne ma'auni. Mafi yawan kuɗin ta ƙofar gida suka bi: an duba irin ɓarnar da ruwa ya yi wa gini, aka biya gwargwadon haka. Wannan daidai ne ga birni, kuma shi ne abin da ake iya tantancewa cikin gaggawa. Sai dai wanda ɗakinsa ke kan tudu bai jiƙe ba, alhali hekta biyu ta shinkafarsa na ƙarƙashin ruwa, wannan ma'auni ba ya ganinsa. Ɗan ƙwadagon da ya taso daga Sakkwato ko Zamfara domin yankan shinkafa a Zabarmari, ba gida ba gona, shi ma ya rasa abincin shekararsa, kuma ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

To, ina kaya suka fi kuɗi? Sun fi su a duk inda abin da ake bukata ba ya kasuwa, ko kuma na kasuwar ba abin yarda ba ne. Iri shi ne na farko. Manominmu daga rumbunsa yake ɗebe irin baɗi, in rumbu ya tafi iri ya tafi. Idan ya je kasuwa da kuɗi zai iya sayo hatsin ci da sunan iri, ya shuka rabi ya ƙi fitowa. Alhali a cikin Maiduguri akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, wadda aikinta shi ne alkama da gero, kuma da hannunta a geron SOSAT mai saurin nuna da manoman Arewa suka sani. Iri mai inganci daga irin wannan wuri ya fi kuɗinsa daraja. Taki ma a Borno labarinsa daban ne da na Kano ko Katsina, domin hukumomin tsaro sun daɗe da taƙaita safarar yuriya a jihar saboda ana haɗa bama-bamai da shi. Wurin da taki ba ya shiga sai da izini, mai kuɗi a aljihu ma sai ya jira wanda ke da takardar shigo da shi.

Kuma ambaliya, duk da ɓarnarta, takan bar damshi da laka mai kyau, wanda mai iri a hannu zai iya cin moriyarsa. Mutanen Borno sun fi kowa sanin wannan, domin su ne masu masakwa. A ƙasar firgi, baƙar laka mai riƙe ruwa ta wajen Dikwa da Ngala da Marte, ana yafa irin dawar a gefe tun damina ba ta ɗauke ba. Da ruwa ya janye sai a sare ciyawa a ƙone. Mutum ya bi fili da doguwar sanda mai tsini yana huda ƙasa, na bayansa ya zuba ɗan ruwa a ramin, ya sa dashe biyu da aka datse wa ganye da saiwa. Shi ke nan, ba ruwan sama ba ban-ruwa, da damshin da lakar ta riƙe dawar za ta rayu har a girbe ta a Janairu ko Fabrairu. Sai dai ƙofar a buɗe take na 'yan makonni kawai. In ƙasa ta bushe ta tsage, an yi latti sai wata shekara. Haka albasa da tumatir da alkamar rani, kowanne da lokacinsa, alkama ma in ba ta shiga ƙasa ta samu sanyin hunturu ba, aikin banza ne.

A nan ne rabon kaya ya saba faɗuwa, domin bai cika isowa a kan kari ba. Kafin a amince da kuɗi, a zaɓi ɗan kwangila, a sayo, a kawo sito, a jira ranar da babban baƙo zai samu sukunin zuwa ƙaddamarwa, lokacin shuka ya wuce. Duk wanda ya zauna da manoma ya ji labarin takin da ya iso bayan an yi huɗa ta ƙarshe, ko irin da ya zo ana shirin girbi. Kuma kaya ɗaya ake yanka wa kowa: mai kadada goma da mai 'yar fadama, mai shinkafa da mai gero, buhu ɗaya kwalba ɗaya. Tsakanin sito da ƙauye hannuwa sun yi yawa, kuma ba yau aka fara kuka da wannan ba. Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan noma, ya sha faɗin cewa a tsohon tsarin rabon taki manoma kashi 11 cikin 100 ne kawai ke samu. Shi ya sa a 2012 ya kawo tsarin da ake tura wa manomi saƙo a waya ya je wajen dila ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Tsarin ya gamu da nasa cikas, musamman rashin sabis a ƙauyuka da jinkirin biyan diloli, amma ya nuna cewa akwai hanya a tsakiya: gwamnati ta biya, manomi ya ɗauka da kansa a kusa da shi.

A wannan shekarar ta 2012 ne kuma aka yi babbar ambaliyar da ta raba mutum sama da miliyan 2 da muhallinsu, Shugaba Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni huɗu, na farko miliyan 500 kowace, na ƙarshe miliyan 250. Jihohi aka ba mafi yawan kuɗin, su kuma suka yi yadda suka ga dama. An sake yin wata ambaliyar a 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600. Kowane karo daga farko ake farawa: sabon kwamiti, sabon jerin sunaye, sabuwar rigima kan wanda aka sa da wanda aka cire.

Makiyayi kuwa, duka hanyoyin biyu ba da shi aka auna su ba. Borno ƙasar dabbobi ce, ta shanun Wadara na Larabawan Shuwa, da jajayen shanun Fulani, da Kuri masu manyan ƙahoni na tsibiran tafkin Chadi, kuma Kasuwar Shanu ta Maiduguri na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin nan. Manomi in ya rasa damina, da iri da ɗan jari zai iya miƙewa cikin wata huɗu ko biyar. Wanda ya rasa saniya lissafinsa na shekaru ne: karsana sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari, ciki wata tara, kuma ba kowace shekara take haihuwa ba. Sannan yawancin asararsa ba ranar ambaliya take zuwa ba. Ciyawa ta ruɓe a ƙarƙashin ruwa, ƙudan cizo ya yi yawa, ciwon hanta da ciwon kofato su biyo baya, dabbobi su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya bayan masu ƙidaya sun naɗe takardunsu sun koma birni. Karan dawa da harawa da tattakar shinkafa da yake dogaro da su a rani sun tafi tare da gonar manomi. Sai ya shiga sayar da dabba domin ya ciyar da sauran, a daidai lokacin da kowa ke sayarwa, farashin dabba na faɗuwa na dusa na tashi.

Ga wannan mutum allurar rigakafi da maganin tsutsar hanta da abincin dabbobi a farkon rani sun fi komai, domin tsare saniyar da ke raye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen wata. Rigakafi kuma aikin hukuma ne, garke ɗaya ba ya kare kansa in na maƙwabta ba a yi musu ba. Ta haka aka kawar da bushiya, cutar da ta yi wa shanun Arewa kisan kiyashi a farkon shekarun 1980, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Rabon awaki da tumaki kuwa yana da amfani ga mata da zawarawa, amma in ɗan kwangila ne ya kwaso su daga kasuwa mai nisa ya cusa a mota, wasu da cuta suke isowa, wasu ba su saba da ƙasar ba. Fulani suna da tsarinsu da ya girmi duk wata hukuma, habbanaye: a ba wanda ya rasa aron karsana, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Dabbar daga garken kusa take fitowa, kuma idon jama'a na kanta. Gwamnatin da ke son mayar wa mutane dabbobi ta fi dacewa ta bi ta wannan hanya, ta bar mai karɓa ya zaɓi dabbarsa a kasuwar yankinsa.

Wasu kan kawo misalin Amurka, inda gwamnati ke biyan mai dabbobi kashi 75 cikin 100 na farashin kasuwa idan bala'i ya kashe masa fiye da abin da aka saba asara. Abin lura a can shi ne takardun sun riga bala'in: akwai ofishin ma'aikatar noma a kusan kowace gunduma, manomi na kai rahoton abin da ya shuka kowace shekara, ranar asara sai dai a buɗe fayil. A arewacin Kenya tun 2010 ake sayar wa makiyayan Marsabit inshorar da ke biya idan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ciyawa ta ƙare, an kuma yi mata tsarin takaful a Wajir saboda Musulmi. Mu ma muna da hukumar inshorar noma ta NAIC tun 1987, gwamnati na ɗauke rabin kuɗin da manomi zai biya, sai dai galibi wanda ya ci bashin banki ne ke haɗuwa da ita. Kada kuma a ce ƙidayar dabbobi ta gagare mu. Zamanin jangali, kafin a soke shi a shekarun 1970, hakimai da lawanai da arɗo-arɗo sun san shanun da ke ƙasarsu, domin a lokacin karɓa ake yi. Abin da aka iya ƙirgawa domin haraji ana iya ƙirga shi domin taimako, in an tabbatar wa makiyayi cewa ba tarko ba ne.

Idan aka ce in zaɓa, kuɗi nake zaɓa su zama ƙashin bayan tallafi, a biya da wuri, a kuma biya kashi biyu: na farko cikin makonnin farko domin ci da magani, na biyu daf da noman rani domin kada yunwa ta cinye jarin gona. Kaya a taƙaita su ga abin da kasuwa ba ta iya bayarwa, wato ingantaccen iri, da taki inda aka taƙaita shi, da rigakafi da abincin dabbobi. Sauran ƙarfin gwamnati ya tafi ga abin da manomi ba zai taɓa saya da kuɗinsa ba. Gyaran Alau na ciki, wanda gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 dominsa a farkon 2025. Tsaro ma na ciki, domin ba a manta da Koshebe ba, inda aka yi wa manoman shinkafa aƙalla 43 yankan rago ranar 28 ga Nuwamba 2020 suna cikin girbi. Iri da kuɗi ba su da amfani ga wanda ba zai iya zuwa gonarsa ba.

Duka wannan ya rataya ne a kan rajista, kuma ba a yin rajistar gaskiya ranar da ruwa ke bakin ƙofa, lokacin da kowa ya san suna a takarda kuɗi ne. Kirana ga gwamnatin Borno, da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya da aka kafa a 2024, shi ne a yi wannan aiki da rani, hankali kwance. A zauna da bulamai da lawanai da arɗo-arɗo, a rubuta wanda ke noma fili ko da haya yake yi, da girman filin, da abin da yake shukawa, da mace mai lambu da sunanta, da mai garke da yawan dabbobinsa. A karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar bulama domin mai gyara ya gyara, a buɗe wa marasa asusu asusu tun yanzu, a kuma sanar tun kafin damina nawa za a biya a kan hekta ɗaya da saniya ɗaya. A fara da Jere da Konduga da Mafa kafin ruwan Agusta mai zuwa.